Murfin Rijiyar da Yaya Tasi'u Ya Yi wa Walda

Wata rana mijin yayata ya dawo gida da wani kwali ɗaure a bayan babur, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Sunansa Tasi'u. Ni Yaya Tasi'u nake ce masa, kuma tun da ya auri yayata Saude ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da mun tsokani juna ba.

Na ce, "Yaya, firjin da ka yi mana alkawari ne a ɗan kwalin nan?"

Ya ce, "Ke dai Shamsiyya, tsaya ki sha kallo."

Injin walda ne.

Ƙarami, ja, irin na arahar nan da ake ta talla a waya. Ba ya cin tsinken walda irin na masu shago, ba ya kuma buƙatar tukunyar gas. Wata siririyar waya ce naɗe a cikinsa, kana danna maɓalli tana fitowa tana narkewa a kan ƙarfe.

Ya ce ya gaji da jiran masu walda. Ka kai musu ƙaramin aiki su ce gobe, goben kuma ba ta zuwa.

A gaskiya ban ga laifinsa ba.

Na daɗe ina son in ba ku labarin nan. Sai in fara rubutawa, in kai rabi, in goge.

Jiya ne na ga wani bawan Allah a wannan dandalin yana tambaya ko ya sayi irin injin don gyare-gyaren gida. Mutane suna ta ce masa saya kawai, ai ba wuya. Shi ya sa na ce yau sai na kai ƙarshe.

Yaya Tasi'u ma'aikacin ofis ne, bai taɓa koyon walda ba. A bidiyon waya ya koya.

Kuma injin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya gyara kujerar ƙarfen da ta shekara jingine a bango. Ya gyara sakatar banɗaki. Ya mayar wa murhun gawayi ƙafarsa. Maƙwabta suka fara kiransa Injiniya, kai ya fasu, duk ƙarfen da ya yi ɗan motsi a gidan nan sai ya sha wuta.

Daga nan idonsa ya kai kan rijiya.

A tsakar gidansu a Funtua akwai tsohuwar rijiya mai faɗin baki, mai zurfi. In ka leƙa, can ƙasa kake hango ruwan yana ɗan ƙyalli. An ɗaure bakinta da siminti har zuwa gwiwa, an rufe ta da faffaɗan murfin ƙarfe mai 'yar ƙofar zura guga.

A ƙarƙashin murfin akwai sandunan ƙarfe biyu masu kauri da suka gitta bakin rijiyar. Su ne suke ɗauke da shi.

Tsatsa ta cinye su. Yaya Tasi'u ya sayo sababbi, ya ce shi zai liƙa su da kansa a jikin ƙarfen da ya zagaye bakin rijiyar.

Ban ga aikin ba. Da na zo na tarar ya gama, har ya shafa shuɗin fenti. Murfi ya fito tsaf.

Amma akwai abin da bai sa a lissafi ba.

Maza suna ganin murfin rijiya abin rufe rijiya ne kawai. Mu mata tsani muka ɗauke shi. Rufin kicin ɗinsu gajere ne, kuma dab da rijiyar yake. Duk mai shanyar barkono ko kuɓewa, kan murfin take hawa ta baza kayanta a kan kwano, inda kaji ba za su kai ba.

Haka ake yi a gidan tun kafin su tare.

Ana nan Yaya Saude ta haihu, Innarmu ta zo daga ƙauyenmu na wajen Bakori don yi mata wankan jego.

Sai kun san Inna kafin ku gane abin da ya faru.

Mutumiyar da ce. Kunyar surukuta a wurinta ba abin wasa ba ce. Tun da Yaya Tasi'u ya auri 'yarta ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba. In zai gaishe ta, tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, ita kuma ta kawar da kai tana amsawa.

In tana da magana da shi, ko yana tsugune a wurin, mu take ba saƙon.

"Ku ce wa maigidan nan an gode."

Shi ma haka yake. Mutumin da bakinsa ba ya shiru, in ya hango Inna sai ya rasa inda zai sa hannuwansa. Tun da ta zo, ba ya shiga tsakar gidansa sai ya tsaya ya yi sallama an ba shi izini.

A da, dariya nake yi musu.

Ranar da abin ya faru, damina ce, bayan la'asar. Na zo taya su aiki.

An kawo wuta, Yaya Tasi'u yana zaure yana gyara wa wani maƙwabci baro. Yaya Saude tana ɗaki tana shayar da jaririya. Ni ina durƙushe a gaban baho ina wanke kayan jariri.

Inna ta gama yi wa mai jego wankan yamma ke nan, ɗaurin ƙirji ne a jikinta saboda zafin ruwa da na wuta. Hankalinta kwance, ta san babu namijin da zai faɗo mata.

Sai hadari ya taso daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta fara kwasar ledoji.

Inna ta shanya citta da barkono da kanumfari a kan rufin kicin, na yajin jego.

Ta ce, "Auta, kayan yajina."

Na ce, "Inna, bari in ɗauraye hannu in kwaso."

Inna ba ta san jira ba. Ta ɗauki tire, ta taka siminti, ta hau murfin.

Ba wata ƙara mai ƙarfi ba ce. Ƙas, kamar an karya busasshen kara.

Sai ƙarar tire.

Na ɗago kai.

Inna ba ta nan.

Ban san yadda zan faɗa muku wannan ba. Mutum yana tsaye a gabanka, ka sunkuyar da kai, ka ɗago, wurin ya zama fili. Barkono ne kawai yake gangarowa daga kan kwano.

Na yi mutuwar tsaye. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita.

Sai na ji wani numfashi daga bakin rijiyar.

Na rarrafa na leƙa.

Sanda ɗaya ta ɓalle, murfin ya lanƙwashe ya yi ciki, gefensa ya yage. Inna ta zurma, amma Allah ya sa ta faɗa a kan sanda ta biyu. Ta rungume ta a ƙirji, hammatarta a kai, sauran jikinta duka yana lilo a cikin rami.

Ba ta yi ihu ba. Leɓenta ne kawai yake motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Idanunta suna kaina. Ban taɓa ganin tsoro a idon Inna ba sai ranar. Matar da take kashe kunama da silifa tana ci gaba da hira.

Na kwanta rub da ciki a kan simintin, na miƙa hannu. Da ƙyar na kamo wuyan hannunta.

Hannuna duk sabulu ne.

Na riƙe, yana sulɓewa. Na goga a rigata, na sake kamawa. Sai ruwa ya sauko, ba yayyafi ba, ruwa mai ƙarfi.

Wanda ya san ni ya san ba ni da jiki. Inna kuwa mace ce mai ƙira. Na ja iya ƙarfina, ko gezau. Na gane ba ɗago ta nake yi ba, riƙe ta kawai nake yi don kada ta ji ita kaɗai ce.

A nan ne idona ya kai kan wani abu.

Ƙarshen sandar da Inna take rungume da ita yana dab da fuskata, daidai inda aka yi waldar. Fentin wurin ya tsage. Wani baƙin layi siriri ya bayyana tsakanin sandar da ƙarfen bakin rijiya.

Duk sanda Inna ta ja numfashi, layin sai ya ɗan ƙara buɗewa.

Ina kallonsa da idona.

A lokacin muryata ta dawo. Na kira Yaya Tasi'u, na kira Yaya Saude, na kira maƙwabta. Ruwa yana dukan kwano, ni kaina da ƙyar nake jin kaina.

Yaya Saude ce ta fara fitowa, tana dafa bango, jikin jego bai gama haɗuwa ba. Da ta ga abin da ke faruwa sai ta ɗora hannu a ka ta nufo mu.

Na ce, "Kada ki taɓa ƙarfen nan. Kira shi. Kira Yaya."

Ta juya ta yi zaure, ban san da wane ƙarfi ba.

Ni da Inna muka rage. Jaririya tana ta tsala kuka a ɗaki. Ruwa yana shiga idona, ina jin yadda ɗigonsa yake daɗewa kafin ya kai ƙasan rijiyar.

Inna ta ce a hankali, "Auta, hannuwana sun fara mutuwa."

Na ce, "Ga shi nan zuwa, Inna. Ki daure."

Na ji takun gudu.

Kun san abin da mutumin nan ya yi? Da ya kawo bakin ƙofar tsakar gida sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya yi sallama.

Sabo ne. Uwar matarsa tana rataye a bakin mutuwa, shi yana sallama.

Na ce, "Shigo mana!"

Amma Inna ta riga ta ji muryarsa. Na ji hannunta ya sandare a cikin nawa.

"Auta, kar ya shigo."

"Inna, me kike cewa?"

"Zanena ya tafi. Fatari kaɗai ya rage mani. Kar ya shigo."

Sai a lokacin na lura. Yagaggen murfin ya fizge ɗaurin ƙirjinta, zanin ya faɗa rijiya.

Na ce, "Inna, ƙarfen nan ɓallewa zai yi. Za ki faɗa."

Ta ce, "In faɗa. Wanga bai ganina haka."

Sai ta saki hannu ɗaya daga kan sandar, wai za ta kare ƙirjinta.

Sandar ta yi ƙara. Layin nan ya buɗe har ina hango tsatsa a cikinsa. Nauyin Inna ya dawo kan hannuna, na ji kafaɗata kamar za ta fita.

Na fashe da kuka. Ina roƙonta, ina haɗa ta da Allah, ina haɗa ta da kabarin Babanmu. Inna ta rufe ido tana girgiza kai.

Wallahi a ranar na san za a iya mutuwa saboda kunya. Ba a labari ba, a gabana.

Yaya Tasi'u yana tsaye a bakin ƙofa, ruwa yana dukansa. Hular walda tana kansa, ya ɗage ta sama yadda ya baro aiki da ita. Ya ji duk abin da aka ce.

Sai ya kai hannu ya jawo hular ta rufe fuskarsa gaba ɗaya.

Muryarsa ta fito daga ciki.

"Inna, ki dube ni. Na rufe fuskata. Gilashin nan baƙi ne, in ba wutar walda ba, ba a ganin komai ta cikinsa. Wallahi ko tafin hannuna ba na gani. Ki ba ni izini in zo."

Inna ta buɗe ido. Ta juya kai a hankali ta dube shi.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Ni layin nan nake kallo.

Sai ta ce, "Ku ce mashi ya taho."

Yaya Saude ta kama hannun mijinta ta jawo shi kamar makaho. Ya yi tuntuɓe da bahon wanki, ya tashi. Ta kawo shi kusa da ni, ya kwanta rub da ciki a kan siminti, ita kuma ta zauna a kan ƙafafunsa ta rungume su.

Na zama idonsa.

"Miƙa hannu. Ƙara. Yi hagu."

Hannunsa ya fara sauka a kan sandar. Ya shafa ta har zuwa inda ya yi waldar, yatsansa ya shiga cikin tsagar.

Na ji numfashinsa ya tsaya a cikin hular. Ya fi mu duka sanin abin da ya taɓa.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Shamsiyya, kada ki jingina da ƙarfen nan ko kaɗan. Ina take?"

"Gabanka. Ƙasa kaɗan. Yauwa, damtsenta ne."

Ya kama. Ya zura ɗaya hannun ta ƙarƙashin hammatarta, rabin jikinsa ya shiga bakin rijiyar. Yaya Saude tana ta salati tana ƙanƙame ƙafafunsa.

Ya ce, "Inna, ki saki ƙarfen ki kama wuyana."

Inna ba ta motsa ba. Ko kunya ce, ko hannun ne ya ƙage, har yau ban sani ba.

Ya sake cewa, "Inna, don Allah."

Ƙarfen bai jira ta ba.

Ya ɓalle.

Na ji shi yana dukan bangon rijiya, nan, can, nan, kafin can ƙasa ruwa ya amsa. Wannan ƙarar har yau takan tashe ni daga barci.

Nauyin Inna duka ya faɗo mana. Yaya Tasi'u ya zame gaba, ƙirjinsa ya wuce simintin. Yaya Saude ta yi wata irin ƙara, ya ja ta a ƙasa tana riƙe da shi. A raina na ce shi ke nan, mutum biyu za mu rasa, wataƙila uku.

Na saki wuyan hannun Inna na cafki bel ɗin wandonsa ta baya, na tokare ƙafata da simintin.

Ya tsaya.

Nishi kawai, da ruwan sama.

Ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan. In ya ja, mu ja shi. Kan Inna ya fito, sai kafaɗa. Gwiwarta ta bugi bakin siminti da ƙarfi, yagaggen murfin ya yanke ta a ƙauri, ta cije leɓe.

Sai muka ji mu duka mun zube a cikin ruwan tsakar gida.

Na tashi da rarrafe na fizgo jiƙaƙƙen zani daga igiyar shanya na lulluɓe ta. Jikinta yana ɓari, jini yana bin ruwa zuwa makwarara.

Yaya Tasi'u yana durƙushe a gefe, hular tana fuskarsa.

Ya ce, "An rufe ta?"

Na ce, "An rufe."

Bai cire ba. Kafaɗunsa ne na ga suna motsi, sai na gane kuka yake yi a ciki.

Muka kai Inna asibiti. Haƙarƙari ya tsage, ƙauri ya sha ɗinki, ƙashin gwiwa ya fashe. Ita ma Yaya Saude sai da aka kwantar da ita, saboda jini ya dawo mata.

Washegari na koma gidan ɗebo musu kaya. Na tarar da Yaya Tasi'u tsugune a bakin rijiyar, ya ɗora allunan katako ya danne da bulo.

Ban gaishe shi ba. Haushinsa nake ji har wuya.

Ya ce, "Zo ki gani."

Ya nuna mini inda ya yi waldar a jikin ƙarfen bakin rijiya. Ya sa sukudireba ya ɗan taɓa. Waldar ta ɓantaro gaba ɗaya kamar ƙanzo daga gindin tukunya.

Ƙarƙashinta tsatsa ce, lafiya lau, wuta ko taɓa ta ba ta yi ba.

Ya ce, "Ba ta taɓa kamawa ba. A sama kawai ta zauna."

Na sunkuya na duba wurin.

Ya ce, "Ranar da na yi aikin wutar ba ta da ƙarfi, injin sai tartsatsi yake yi. Ƙarfen kuma ya yi masa kauri, bai iya narka shi ba. Na kujera siriri ne, shi ya sa yake kamawa. Ni da na ga ta yi tudu sai na ɗauka ta yi ƙwari. Na ƙwanƙwasa da guduma, ba ta motsa ba, na shafa fenti."

Ya juya ɓantaren a tafin hannunsa.

"Matata ta hau nan da tsohon ciki, Shamsiyya. Ban ma san ana hawa ba."

Na zauna a ƙasa. Ni ma na hau. Matan maƙwabta ma sun hau.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, sai da na koma asibiti.

Yaya Saude ta kamo hannuna tana hawaye. Ta ce tun farkon zuwanta Inna ta gaya mata murfin nan yana kuka in an taka shi. Ita ma ta ji. Ta ce bari ta faɗa wa mijinta.

Inna ta hana ta.

Wai, "Ki rufa mani asiri. Daga zuwana gidan suruki sai in fara kushe aikinshi? Ya ce uwar matarshi ta raina shi. Mu riƙa takawa a hankali."

Mu riƙa takawa a hankali. A kan rijiya.

Na ce, "Ke kuma sai kika yi shiru?"

Ta ce, "Kin ga yadda yake murna da aikin. Kunyar faɗa masa na ji."

Na fita waje na tsaya, don in na buɗe baki a ɗakin nan zan faɗi abin da ba za a yafe mini ba.

Na ji haushinsu duka ukun. Shi da ya gwada hannunsa a kan abin da ke ɗaukar rai. Ita da ta ga haɗari ta zaɓi farin cikin miji. Da Inna, Allah ya yafe mini, da ta gwammace rami a kan a ce ba ta da kunya.

Kuma duk cikinsu babu mai mugun nufi. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Yanzu an zuba wa rijiyar murfin kankare da rodi, waɗanda sana'arsu ke nan su suka yi. An kafa wa mata ɗan benci a gefen kicin don shanya.

Injin yana nan, Yaya Tasi'u bai jefar ba. Yana gyara sakata da kujera da ƙafar murhu, kuma suna kamawa.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, na ce me zan ce wa mai tambaya, ya saya ko kada ya saya?



Ya ce, "Ki ce ya saya in ƙananan gyara zai yi, zai ji daɗinsa. Amma duk abin da mutum zai hau, ko zai rataya a jiki, ko zai zauna a ƙarƙashinsa, kada ya taɓa. Rijiya, tsani, ƙarfen tankin ruwa, lilon yara. Ya kai wa masu babban inji, ko za su ce masa gobe har ya gaji."

Inna ta rayu, alhamdu lillahi. Amma gwiwar ba ta koma daidai ba.

Makon jiya na je ƙauye. Aka kira magariba, na shimfiɗa mata darduma yadda na saba. Sai na ga ta jawo farar kujerar roba ta ajiye a kai.

Matar da take zuwa kasuwa da ƙafa ta dawo da kaya a ka.

Ta zauna ta tayar da kabbara. Da aka zo sujada, ta sunkuyar da kai iya inda zai kai, ta tsaya a nan.

Da ta sallame ta daɗe tana kallon dardumar.

Ta ce, "Auta, ba ciwon ke damuna ba. Goshina ne ke marmarin ƙasa."

Darasi:

Ƙaramin inji na ƙaramin aiki ne. Walda takan yi kyau a ido alhali ba ta kama ba, fenti kuma ba ya ƙara mata ƙwari. Kafin ka liƙa kowane ƙarfe, tambayi mutanen gidanka yadda suke amfani da shi, sannan ka tambayi kanka wa zai ji ciwo in ya ɓalle. In amsar mutum ce, ajiye injinka.

Ku kuma da kuka ji abu yana kuka a ƙarƙashin ƙafarku, ku faɗa. Ko na miji ne, ko na suruki, ko na uba. Ɓacin ransa na yini ɗaya ya fi sauƙi a kan abin da muka gani. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma ba a rufe haɗari da ita.

In akwai mai irin wannan injin a gidanku ko a unguwarku, tura masa wannan yau. Ku tura wa iyayenmu mata ma, masu hawa murfin rijiya su yi shanya. Wanda ba ya karatu, ku karanta masa.